Daddawar Barira

Shekara ashirin da shida ana sayar da daddawar Barira a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, kuma da yawa cikin masu cinta ba su taɓa ganin Barirar ba. Mace ce doguwa, baƙa, marar yawan dariya, matar Malam Nababa manomi a Tudun Zubairu, ƙauyen da gonaki suka manne da juna har ba ka gane iyakar ta wani sai da jerin gamba. Ba ta yi boko ba, ba ta je Makka ba, cikin 'ya'ya bakwai da ta haifa biyu ne suka rayu. Abu ɗaya take da shi a duniya wanda babu mai irinsa, shi ne hannunta a kan kalwa. A riƙe wannan da kyau, don masu cewa yanzu hassada ce ta cinye ta, yawancinsu ba su taɓa iya wani abu guda fiye da kowa ba, balle su san zafin ganinsa a hannun wani.

Wajen mahaifiyarsu ta gaji sana'ar. A dafa kalwa yini guda, a surfa ta da toka, a wanke, a sake mayar da ita wuta da 'yar kanwa, sannan a juye a kwando a rufe da ganye da tsohon buhu, a bar ta kwana uku ta tashi. Duk wannan kowace mace ta sani. Inda ake bambanta shi ne rufi: a wane zafi za a rufe, da nauyin abin da za a ɗora. Barira bayan hannunta kawai take karawa, ta ce yanzu, ko ta ce da saura.

Ƙanwarta Furera, wadda ta ba shekara shida, tana aure a gidan da ke manne da nasu, wajen Malam Abdulhadi malamin firamare. Tun suna 'yan mata Furera ce mai wankin kalwa da iza wuta. Amma ranar rufi Barira ce kaɗai a ɗaki. Kuma a Tudun Zubairu kowa ya yarda, tun kaka da kakanni, cewa mace marar tsarki ba ta rufe daddawa. Ta dafa, ta surfa, babu laifi, amma in ta rufe tana jini ko da najasa a jikinta, kalwar ba za ta tashi ba, sai dai ta yi yauƙi da warin mushe.

Wannan ne ya sa ƙarin da ya fito wa Barira a mahaifa ya zame mata ciwo biyu. Cikinta ya yi tudu kamar mai wata shida, jini kuma ya riƙa zuwa kwana goma sha biyar a wata. Rabin wata ke nan tukunya a kife. Furera ma tana da irin ciwon, ciwon gidansu ne, amma nata bai kai ba.

Da aka yi shela cewa likitocin wata ƙungiya za su zo asibitin gwamnati su yi wa mata tiyata kyauta na mako guda, tare suka je. Aka yi musu hoton ciki, aka ce dukansu sai an cire mahaifa. Barira ko gezau. Me za ta yi da mahaifa tana da jikoki? Ita lissafinta ɗaya ne: babu jini, babu kife tukunya.

Ranar aikin aka hana su ci da sha tun dare, aka jera su a kan benci cikin koriyar riga mai buɗaɗɗen baya. Barira ce ta uku. Furera ta goma sha ɗaya. Tun kafin a kira ta farko Furera ta fara rawar jiki, haƙoranta na haɗuwa.

"Yaya, ni fa ba zan kai la'asar ba. Zuciyata za ta buga kafin su taɓa ni."

"Ke dai raguwa ce tun kina goye. Rufe mana baki, kina tsorata 'ya'yan mutane."

"Wallahi Yaya, jiri nake ji."

A gidansu an yi musu tarbiyya guda: babba ba ta sa hannu a kwano ƙarama na tsaye tana kallo. Saboda haka da nas ta leƙo ta kira sunan Barira, sai Barira ta miƙe, ta kamo hannun Furera, ta ce, "'Yar nan, shigar da wannan tukuna, kafin ta sume mana. Ni na jira." Nas ta ce ba ruwanta, kowa dai ta riƙe katinta. Aka shiga da Furera da hantsi, babban likita mai furfura ya yi mata, kafin azahar tana gado tana barci.

Barira ba a kira ta ba sai bayan la'asar. An kashe mata jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, idonta biyu, tana ji suna magana ƙasa-ƙasa, tana ganin wani matashin likita yana share gumi da kafaɗa. Aka daɗe. Da ta fito an yi sallar isha. Kwana biyar aka sallame su, likitocin kuma suka tattara kayansu suka hau mota. Ko lambar waya ba su bari ba. An yi hoto da su, an sa a jarida, an gode. Wanda abu ya same shi bayan tafiyarsu kuwa, ya nemi wa?

Kwana goma sha biyu da aikin, Barira ta tashi daga kan tabarma ta tarar da zaninta a jiƙe. Ta ce ruwan aiki ne. Ta canja. Kafin ta gama shan kunu ya sake jiƙewa. Ta shinshina, ta zauna a bakin gado ta daɗe ba ta motsa ba. Fitsari ne. Abin mamakin, tana jin fitsari kamar kowa, tana zagawa ta yi, amma wani na bin ƙafarta dare da rana ba tare da ta sani ba.

Sai da ta yi mako guda kafin ta iya gaya wa mijinta, shi ma da bayanta ta juya masa. Malam Nababa mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ba ya kai mutum asibiti. Ya je wajen mai kemis ya ce wata 'yar'uwarsa ce.

"Tana yin fitsari da kanta?"

"Tana yi."

"Haihuwa ta yi?"

"Ina! Ta bar haihuwa shekara goma sha huɗu."

"To ba yoyon fitsari ba ne, Malam. Mai yoyo ba ta tara fitsari, kuma doguwar naƙuda ke kawo shi. Wannan sanyi ne."

Ya ƙulla masa kafso ja da baƙi. Mutumin da bai gama sakandare ba, ya yanke hukunci a kan matar da bai gani ba, aka kuma karɓa hannu biyu. Bayan kafso aka yi saƙe-saƙi, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Barira ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta yi ƙunzugu, tana wankewa tana shanyawa a bayan rumbu inda ba mai zuwa. Kowace salla sabuwar alwala da sabon zani, ta idar tana shakkar ko ta karɓu.

A wata na biyu ta yi kasada. Ta dafa kwano goma na kalwa, ta yi wanka, ta ɗaura ƙunzugu uku, ta rufe. Ranar zazzaɓi take yi, gefen cikinta na hagu yana sara har baya, sai da ta kwanta sau biyu kafin ta kai ga kwandon, kalwar ta riga ta huce. Kwana uku ta ɗaga buhu, wari ya buge ta. Ba ta ce zazzaɓi ne ya sa ta makara ba. Cewa ta yi, ashe gaskiyar tsofaffi ne. Ta haƙa rami ta binne kalwar da kanta, ta kife tukunya.

Ita kuwa Furera, sai ka ce ba a taɓa yanka ta ba. Jinin jikinta ya dawo, kumatu suka ciko, ta yi haske. Kullum da safe sai ta leƙo ta katanga da kwanon ɗumame.

"Yaya, ya jiki? Ni fa jiya har daka na yi. Wallahi likitocin nan Allah ya yi musu albarka, ji nake kamar 'yar shekara ashirin."

"Madalla."

"Ke ma ki riƙa fitowa kina shan iska, zaman ɗakin nan ne ke hana ki warwarewa."

Barira sai ta bi ta da kallo. Ta kalli yadda take durƙusawa ba dafa gwiwa, ta kalli busasshen zaninta. Busasshen zani! Abin da ba ta taɓa sanin ni'ima ba ne. Tun tana korar tunanin da a'uzubillahi har ya zauna mata daram: ni ce ta uku. Likitan safe nawa ne, da ƙarfinsa, da idonsa garau. Lafiyar da yarinyar nan take yawo da ita, tawa ce.

Akwai wata Hajiya Safara'u, dillaliya, da ke sayen rabin daddawar Barira duk mako tana kai wa matan unguwar Rijiyar Zaki a birni. Da aiken Hajiyar ya yi yawa, Furera ta zo ta tsuguna a gaban Barira.

"Yaya, kalwar nan tana ɗaki ƙwari za su shiga. Ki bar ni in gwada, kafin ki ji ƙarfi."

"Ke? Kin taɓa rufi?"

"Shekara talatin ina kallo ta ƙofa."

"Ɗauki. In kin ɓata, kya gane kallo daban, hannu daban."

Ta ba ta ne tana jiran warin ya tsallako katanga. Ranar kwana na uku abin da ya tsallako ƙamshi ne, irin mai tsayawa a maƙogwaro, wanda Barira ta sani kamar numfashinta. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ranar Lahadi tana ji aka ɗora wa Furera kwando a kan babur, tana ji da yamma ta dawo tana dariya da matan layi. Tun daga ranar ta daina cin ɗumamen. Kaji take zuba wa.

Asiri ya tonu ne wata ranar Alhamis da akuyar Furera ta tsinke ta shiga bayan rumbu. Furera ta bi ta, ta ci karo da igiya cike da tsummoki, ga zarni. Ta fito da ɗaya a hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, mene ne wannan? Tun yaushe?"

"Ajiye min kayana."

"Wata huɗu kina cikin wannan, ina katanga ɗaya da ke, ba ki gaya min ba? Tashi mu tafi asibiti. Yanzu. In kira Malam ya samo mota."

"Ki kai ni? Ke? Ki shiga gaba da kumatunki, in biyo ki ina ɗiga, a ce ga wadda aikinta ya yi kyau ga wadda nata ya lalace?"

"Haba Yaya, me ya kawo wannan magana?"

"Layina kika shiga, Furera."

Furera ta yi sororo. "Ke fa kika kamo hannuna. Ke kika tura ni!"

"Kuka kika yi! Tun muna yara haka kike. Ki yi kuka a ba ki tsoka, ki yi kuka a ba ki sabon zani, a ce Barira babba ce, ta haƙura. Na haƙura. Ga abin da haƙurin ya ba ni, yana bin ƙafata. Bai ishe ki ba, kin haɗa da tukunyata."

"Wallahi tallahi da na san..."

"Da kin sani da kin zauna a bencin? Faɗi gaskiya, Allah na jin ki."

 Furera ba ta iya cewa e ba. Ta ajiye tsumman a kan turmi ta fita, ta manta da akuyar.

Amma ba ta yi shiru ba. A daren ta sa mijinta ya kira Khairiyya, 'yar Barira da ke aure a Bacirawa cikin birni. Washegari da hantsi sai ga Khairiyya da mota har ƙofar gida. Ita ba ta tsaya lallashi ba.

"Inna, ko ki shiga motar nan da ƙafarki, ko in tara miki unguwa. Baba, kai kuma wata huɗu kana ba ta kafso? Da saniyarka ce da tuni ka kira malamin dabbobi."

Malam Nababa ya sunkuyar da kai. Barira ta shimfiɗa leda a kujerar baya ta zauna.

A babban asibiti cikin birni sun yi mako uku ana je ka dawo kafin a gane. Wata likita mace, 'yar gajeruwa mai gilashi, ta zana mata a bayan kati. Ga ƙoda biyu, ga mafitsara, ga wani siririn bututu daga kowace ƙoda yana gangaro da fitsari. Ta ce na hagu ne ya sami rauni wajen cire mahaifar, shi ya sa yake zubarwa ta gaba, na dama kuwa lafiyarsa lau, yana cika mafitsara. Shi ya sa take fitsari kuma take yoyo. Ta ce abu ne da ba ya yawan faruwa, sai a yi wa mata ɗaruruwa ba a samu ba. Ta ce ƙodar hagun ta kumbura, da an ƙara wata biyu da sai dai a cire ta.

"Likita, in tambaye ki. Da da safe aka yi min fa?"

"Kamar yaya, Inna?"

"Da ni ce ta uku. Babban ya yi min, bai gaji ba."

Likitar ta cire gilashi. "Ban ga aikin ba, ba zan rantse miki ba. Amma ƙari irin naki, babba, mai kwanciya a gefe, yana ture bututun nan daga inda aka san shi. Ko wa ya yi, ko da asuba ne, zai iya faruwa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ba wanda ya ce miki in kin ga ruwa ki dawo."

Barira ta ji. Ba zan rantse ba, shi ta riƙe. Sauran ta bar wa likitar.

Aka sake yanka ta, aka dasa bututun a mafitsara. Ta yi makonni da robar fitsari a ɗakin Khairiyya. Ranar da aka cire, ta zauna a kan farin zani tun safe har azahar, tana tashi tana dubawa. Ba ɗigo. Ta yi sujada ta daɗe ba ta ɗago ba.

Wata bakwai cif rabonta da kasuwa. Lahadin farko bayan ta koma gida ta yafa mayafi ta tafi Ɗambatta hannu rabbana, don kawai ta gani. Ta tarar da Furera a wurinta, gindin durumi, kan kujerarta, da faifanta. Furera na hango ta ta zabura ta sauka ƙasa. Kafin wata ta ce uffan sai ga Hajiya Safara'u da buhunta.

"Lale, lale! Barira, ashe kina duniya? An ce tiyata har biyu. Sannu, sannu. Amma ke kam ciwo bai taɓa hannunki ba. Kullum na tambaya sai ƙanwar nan taki ta ce Yaya ce ke rufewa a gida, ni ɗauko wa kawai nake. Na ce kai, mace tana kwance tana irin wannan? Wallahi ta bana ta fi ta bara. Matan Rijiyar Zaki har waya suke min, a ce ta Barira ta iso?"

Furera ta ƙura wa ƙasa ido.

 Duk watannin nan Barira na kwance tana cin rai cewa an ƙwace mata suna. Ashe sunan yana nan, ba a taɓa shi ba. Ita ce aka cire daga ciki, kuma ba wanda ya lura. Shekara ashirin da shida tana kara bayan hannu a kan kwando tana jin babu mai yi sai ita, ga shi wata ta yi daga leƙen ƙofa, har ana cewa ta fi.

Ta sunkuya ta ɗauki guda a faifan, ta ɓantara, ta shinshina, ta sa a harshe. Ta nemi aibu. Ta nemi ɗacin kanwa, ta nemi ɗanyen tsakiya. Babu.

Da ta yi shiru ta amshi yabon, da ba mai tona ta. Furera ba za ta taɓa faɗa ba. Sai dai duk Lahadin duniya za ta riƙa cin alfarmar ƙanwarta, ita da ta saba bayarwa.

"Hajiya, wata bakwai daddawata ba ta zo kasuwar nan ba. Wannan ta Furera ce, tun daga wuta har shanya."

"Kai, haba?"

"Kada a ƙara kiranta da sunana. Lahadi mai zuwa faifai biyu za ki tarar. Ki ɗanɗana, ki zaɓa."

A mota wajen komawa Furera ta riƙa share hawaye da gefen mayafi.

"Yaya, don kada sunanki ya faɗi na yi."

"Na sani."

"To me ya sa kika tona?"

"Shi ya sa. Matsa, kin danne min zani."

A makon Barira ta tayar da tukunyarta. Ta wanke kalwa da kanta, ta iza wuta da kanta, abin da rabonta da yi tun tana budurwa. Ta rufe, ta tashi, ta yi kyau. Ranar Lahadi ta shimfiɗa faifanta a ɗaya gefen durumin. Hajiya Safara'u ta zo ta ɗanɗana wannan, ta ɗanɗana wancan, ta yi ta kame-kame, ta ce ai duk ɗaya ne, jini ɗaya ne. Sannan ta cika buhunta da ta Furera, ta ce bakin matan can ya riga ya saba. A wajen Barira ta sayi kwano guda, na kunya.

Haka ake har yau. Barira tana da masu sayenta, tsofaffin da suka san ta, ba su kai rabin na da ba. Ba ta rage kuɗi don ta janye na Furera ba, ba ta kuma taɓa kushe daddawarta a gaban kowa ba. In Furera ta yi ciniki mai yawa, Barira kan juya kujera ta fuskanci masu barkono. Suna gaisawa, suna zuwa suna da biki tare, ranar Salla a kwano ɗaya suke ci. Amma ranar rufi kowace tana jan ƙofarta, Barira har da sakata.